Littafin Mama Olive a Ɗakin Shara

"Ke kin ga littafin da idonki?"

"Sai na gani? A gurup aka turo. Saƙon murya ne, minti goma sha ɗaya."

"Wa ya yi?"

"Wani malami ne daga Landan. Ko Kanada. Ya ce duk littattafan nan na yara masu dabbobi suna magana, coci ce aka yi wa kwalliya. Yaro yana karatu yana dariya, ashe wanke masa kai ake yi."

"Innalillahi. To a gidan wa aka ce an gani?"

"Rage murya mana. Gidan Injiniya. Kuma ba yarinyar ce ta ɗauko ba, tsohuwar ce da kanta."

"Hajiya? Mai carbi har gwiwa?"

"Ai aikin goge wa Turawa jiki ba ya barin mutum haka nan. Miƙo min yajin can."

Tsohuwar da ake nufi tana tsaye a bayan ƙofar kicin, taku uku daga teburinsu, da farantin waina a hannu. Taron suna ne a wani zaure da aka kama haya a Manassas, ranar Asabar, cikin zafin Yuli. Malama Talatu ta gane muryoyin duka biyu. Ɗaya Talatu ce ta yi mata wankan jego shekara huɗu da suka wuce, ɗayar kuma har yau ba ta dawo mata da babbar tukunyarta ba. Ta dubi wainar, ta ji ta fita ranta kamar an yi atishawa a kai. Ta ajiye farantin, ta je ta wanke hannun da bai taɓa komai ba.

Shekara ashirin da shida Talatu ta yi tana koyar da 'yan aji uku a wata firamare a Tudun Wadan Zariya. Da niyyar wata shida ta zo Amurka, lokacin da matar ɗanta Kamal ta haifi Umaima, sai wata shida ya miƙe ƙafa ya zama shekara tara. Kamal ɗan fari ne, don haka ba ta kama sunansa. Injiniya take cewa, in kuwa ranta ya ɓaci, "wannan yaron". Zaman hawa na tara a Silver Spring, daga taga zuwa talabijin, daga talabijin zuwa taga, ya kusa binne ta da ranta. Sai ta yi kwas na kula da tsofaffi. Kamal ya yi ta faɗa, wai me mutane za su ce, uwar injiniya tana zubar da fo ɗin wasu. Ta ce mutanen su zo su yi mata zaman hawa na tara na mako guda tukuna, sannan su yi magana.

Aikin ne ya kai ta gidan Mama Olive a Takoma Park, kwana huɗu a mako, bas ɗaya. Tsohuwar tana da shekara tamanin da takwas, idanu sun tafi, amma baki da kunne suna nan garau. Ita ma malama ce a da, shekara arba'in tana koyar da yara ranar Lahadi a coci. Wannan bai taɓa damun Talatu ba. A Zariya ta yi zaman ofis ɗaya da Kiristoci, ta ci shinkafar Kirsimetinsu, sun ci naman layyarta. Mama Olive ma ita ce ke jin ƙarar agogon bango ta ce, "Talatu, lokacin sallarki ya yi, bar kwanukan nan."

Wata rana da rediyo ya ishe ta, tsohuwar ta ce a ɗauko mata wani littafi mai koren bango a saman kanta. Na yara ne. Labarin wani gari da ruwansa ya koma gishiri, da wani mai haƙar rijiya mara takalmi wanda yake yawo da jakuna goma sha biyu, kuma jakunan suna magana, har da musu da tsegumi. Dokar garin ita ce, duk wanda ya fasa madatsar ruwa a jefa shi tsohuwar rijiya a rufe da dutse. Wata yarinya mai taurin kai ta fasa, don kawai ta huce haushin yayarta. Mai haƙar rijiya ya ce a saka shi a madadinta. Ɗaya daga cikin jakunansa ne ma ya nuna wa dogarai inda yake, a kan buhun karas. Aka rufe shi. Safiya ta uku dutse ya gangara, ruwan daɗi ya ɓarke, mutumin ya fito da tafukan hannunsa a yage saboda igiya.

Talatu ta rufe littafin ta cire tabarau.

"Yanzu shi ke nan? Yarinyar ta tashi a banza?"

"Ai nan ne daɗin labarin yake," in ji Mama Olive.

"Ko ranƙwashi? A ajina da ta gane kurenta. Mai laifi tana gefe tana shan ruwan daɗi, bawan Allah ya kwana uku a rami. Wannan ba tarbiyya ba ce, ɓata yara ne."

Tsohuwar ta yi dariya har sai da tari ya sarƙe ta. Duk da haka sau biyu Talatu ta karanta mata shi daga farko har ƙarshe, kuma a karo na biyu ta ba kowane jaki muryarsa. Jakin karas muryar wani tsohon hedimasta ta ba shi.

Da ta ce tana son ta ara ta karanta wa jikarta, Mama Olive ta miƙo hannu. Ta karɓi littafin, ta lalubo kusurwar bangon, ta kama yatsan Talatu ta ɗora a kan wasu 'yan ramuka huɗu.

"Haƙoran 'yata Abby ne. Tana shekara biyu ta cije shi. Tana shekara goma sha ɗaya ta rasu. Duk abin da ya rage nata da zan iya taɓawa ke nan." Ta shinshina takardun, sannan ta miƙa. "Mako biyu. Ki dawo min da shi ran Litinin ta sama."

Umaima yarinya ce da za ka yi mata magana da Hausa ta amsa da Turanci, ido a kan waya. Talatu sai ta riƙa karanta shafi a ranta tana juya mata shi da Hausa, bayan la'asar, ta ƙulle bakin gyalenta tukuna, don tatsuniyar rana tana ɓatar da mutum a kasuwa. A rana ta huɗu ta tsaya da gangan a tsakiyar magana, ta hau neman tabarau ɗin da ke kan hancinta. Yarinyar ta jure, ta jure, sai ta fashe: "Kaka, sai me ya faru?" Da Hausa, cikakkiya. Talatu ta shiga banɗaki ta share ido. Daga nan ne Umaima ta zana jakuna goma sha biyu a bayan littafinta na Islamiyya, wata uwa ta gani, ta ɗauki hoto, ta tura gurup.

A hanyar dawowa daga Manassas, surukarta Safura tana tuƙi, Talatu tana lissafi da yatsu a ƙarƙashin mayafi. Jakuna goma sha biyu. Ɗaya ya ci amana. Dutse a bakin rami. Safiya ta uku. Rauni a tafin hannu. Kai! Ai labarin Istan Kiristoci ne! Ita da ta ci hutun Ista shekara ashirin da shida? Ta tuna 'yan lambobin da aka rubuta da fensir a gefen shafuka, sha tara da ɗigo biyu da talatin da huɗu, irin wannan. Ita ta ɗauka lokaci ne, malama tana auna minti nawa kowane babi zai ci a aji, har ta yaba mata a ranta. Ashe lambobin ayoyin littafinsu ne. Ta ji ƙyamar kanta kamar wadda ta gama shan fura aka nuna mata ƙuda a gindin ƙwarya. Ta ji haushin Mama Olive ma, da dariyarta mai tari. Amma da ta zo za ta zage ta a zuci sai zagin ya ƙi fita, don ita ma haka ta yi wa 'yan aji uku: duk tatsuniyar da ta taɓa ba su akwai ɗaci a dunƙule a ciki. Bambancin dai ita ta san abin da ta dunƙula. Ta yanke cewa ran Litinin za ta mayar da littafi, ta kuma gaya wa tsohuwar cewa ba a ba baƙo abinci ba a faɗa masa naman da ke ciki ba.

Da suka isa gida ta tarar da Umaima a ƙuryar kujera, ido jawur. Littafin ba ya kan dirowa.

Kamal bai je suna ba, ya ce kansa na ciwo. Yana zaune da waya a hannu.

"Injiniya, ina littafin da na ajiye nan?"

"Hajiya, sannu da dawowa. Ki zauna tukuna."

"Na zauna a mota. Ina littafin?"

"Na jefar da shi." Bai ɗago ba. "Mutum arba'in da bakwai ne a gurup ɗin nan, Hajiya. Kowa ya san gidan da ake nufi. Har Dakta, shugaban gurup ɗin, ya kira ni."

"Ka jefar a ina?"

Ya nuna ƙofa da haɓa. A ƙarshen baranda akwai wata 'yar ƙofar ƙarfe a jikin bango, inda duk mutanen hawa goma sha biyu suke zura ledar shara ta faɗa ƙasa.

"Ka karanta shi?"

"Ba sai na karanta ba. Malamin ya yi bayani. Mai rijiyar nan Annabi Isa suke nufi, a yadda su suka ɗauke shi."

"Alaihis salam. To tsaya in fahimta, don ni tsohuwar malamar firamare ce, kai ne injiniya. Kai da bakinka ka ce Annabi Isa ne a ciki."

"Haka suke nufi."

"Shi ne ka haɗa Annabin Allah da famfas ɗin jaririn maƙwabta?"

"Haba Hajiya, ai ba shi ba ne da gaske. Almara ce kawai."

"In almara ce kawai, me ya tsone maka ido?"

Ya kife wayar a cinyarsa.

"Kakanka," in ji ta, "in ya ga guntun takarda a hanya sai ya sunkuya, da ciwon bayansa, ya duba. In da sunan Allah ko na wani annabi, ya soke ta a tsagar katanga. Ko shakka yake yi, soke ta yake. Wanda ya ji tsoron littafi ya ƙona shi, ko ya binne, ko ya mayar wa mai shi. Kai ba Allah ka ji tsoro ba, gurup ka ji tsoro. Kuma ba naka ba ne. Ba nawa ba ne. Amana ce ta makauniya."

Da safiyar Lahadi ta sauka ta sami Gregory, mai kula da ginin, yana shan kofi a bakin ƙofar baya. Ya ce ta yi sa'a kuma ba ta yi sa'a ba. Injin da ke matse shara ya lalace tun Alhamis, don haka ba abin da ya niƙe, amma sharar kwana uku ce a tare, kuma motar kwasa gobe da sassafe za ta zo. Ya ba ta safar hannu ta roba da takunkumi, ya buɗe ƙofa, ya ja da baya.

Talatu ta wanke tsofaffin da suka ɓata shimfiɗa, ta kwashe aman yara a aji ba adadi, amma warin da ya fito daga ɗakin nan sai da ya mayar da ita baya taku biyu. Ledoji sun taru har ƙirjinta, waɗanda suka faɗo daga sama sun fashe. Ƙudaje kore shar. Wani ruwa mai yauƙi yana bin siminti yana neman takalminta. Ta yi bisimilla, sai kuma ta ji nauyin ambaton sunan a irin wannan wuri, ta yi shiru ta hau aiki.

Ta ga cikin maƙwabtanta a ranar. Kaza guda ba a ko gutsura ba, ta yi kore. Shinkafa tukunya guda. Burodi a ledarsa ba a buɗe ba. Gashin kanti, allurar masu ciwon suga, kayan cikin kifi da tsutsa ta fara yi wa hidima. Mutanen da ke toshe hanci a lif in ta shigo da ƙanshin daddawa, ga abin da suke zubarwa. Sau biyu ta fita ta tofar da yawu a bakin magudana ta dawo. Duk ledar da ta buɗe sai ta ji muryar nan tana cewa, aikin goge wa Turawa jiki, miƙo min yajin can. Ta ce a ranta, da su zo su ga mai carbi har gwiwa, yau shara ce har gwiwa.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta gane ledar gidansu da ɓawon doya da gwangwanin madarar da Safura ke saya. Ko a wata ledar daban bai saka shi ba. Littafin yana kwance a ƙarƙashin ragowar miyar kuɓewa da kan kifi. Manja ya ratsa shafuka talatin na farko, sun manne, sun yi ja. Koren bangon ya kumbura. Ta cire safar, ta laluba kusurwa da yatsa. Ramuka huɗu suna nan.

Ta yini a baranda tana raba shafi da shafi da bakin wuƙa, tana goge su da auduga, tana barbaɗa garin sitaci ya tsotse man. Ta sa na'urar busar da gashi ta Safura. Ta turara shi da turaren wuta har sau uku. Ya bushe, ya yi ƙwari kamar ganda, amma ƙarnin kifi ya ce shi ya samu gida.

Bayan la'asar Kamal ya shigo da leda daga kantin littattafai. Ya durƙusa a gefenta, ya zaro sabo fil, labarin nan dai, har bangon kore.

"Hajiya, na yi kuskure, na yarda. Ga wannan. Kanti uku na shiga."

"Jiya haramun ne, yau ka shiga kanti uku kana nemansa."

"Don a kashe maganar ne. Ki kai mata wannan. In kin ɗan murza bangon, kin lanƙwasa kusurwa..." Ya rage murya. "Ai ba ta gani."

Duk abin da ta shaƙa a ɗakin shara bai kai kalmomin nan huɗu wari ba. Ta dube shi, ɗan da ta goya, ta kai makaranta a kan keken haya, gemu ya fara furfura. Ta tashi ta shiga banɗaki ta kuskure baki.

"Gobe kai za ka kai ni aiki," abin da ta ce ke nan da ta fito.

Da safe ya ajiye ta a ƙofar gidan Mama Olive, bai kashe mota ba. Littafin yana cinyarta a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Tun daga Silver Spring take shirya abin da za ta faɗa, kuma ta gama shiryawa tsaf. Za ta ce ita ce. Tana girki, ta ajiye shi a kan kanta, hannunta ya ture, ya faɗa kwandon shara ba ta lura ba. Tsufa. Mama Olive za ta yi kuka, wataƙila ta kira ofishin da ya turo ta ta ce a canza mata mai kula, Talatu ta koma hawa na tara, daga taga zuwa talabijin. Amma sunan ɗanta zai fita fes. Wace uwa ce za ta tsaya gaban baƙuwa ta ce ɗana ne ya jefa haƙoran 'yarki a cikin kan kifi?

Ta kama marfin ƙofa, ta sa ƙafa ɗaya a ƙasa. Ta tagar falo ta hango tsohuwar a kujerarta, fuska a juye wajen ƙofa, hannu biyu a buɗe a kan cinya, tana jira.

Sai ta tsaya. Ta waiwaya ta dubi Kamal. Ya riga ya ciro waya yana duba gurup, sanyin mota yana kaɗa masa hula, ga kofin shayinsa a gefe yana tururi. Mai laifi yana gefe yana shan ruwan daɗi. Ita kuma ga ta da ƙafa ɗaya a bakin rami, tana shirin cewa a rufe dutse. Sau biyu ta karanta labarin nan tana tsaki, tana cewa ɓata yara ne, ashe shekara arba'in da ɗaya, tun da ta haifi yaron nan, tana yin sa a gidanta. Shi mai rijiya ko ba komai bai yi wa kowa ƙarya ba, a gaban gari ya tsaya, kowa ya san wadda ta fasa madatsar. Abin da Kiristoci suka gani a cikin mutumin, tsakaninsu da Allah, ita ta san abin da ta yi imani da shi, kuma maganar naman da ke cikin abinci tana nan, za su yi ta da tsohuwar in an bar ta ta ci gaba da zuwa. Amma yau ba ranar wannan ba ce. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Ta mayar da ƙafarta cikin mota. Ta warware ɗankwalin, ƙarnin kifi da turare suka cika motar. Ta ɗora littafin a kan sitiyari, a kan wayar tasa. Ya ɗago a firgice, don abin da ya fito daga bakinta bai taɓa jin sa da muryarta ba tun da aka haife shi.

"Kamal. Kashe motar nan, don Allah, ka ɗauki littafin da hannunka ka biyo ni. Ka gaishe ta, ka durƙusa, ka gaya mata da bakinka wanda ya jefa shi a shara."